KATIN RIGAKAFI: SHAIDAR DA BAI KAMATA TALAKA YA YAR BA

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai ya san yadda ake tattalin katin nan mai ruwan ɗorawa. Ana naɗe shi cikin leda, a haɗa shi da fasfo, a rataya a wuya, domin kowa ya san cewa idan babu shaidar allurar sanƙarau da ta shawara, hukumomin Saudiyya ba za su tsaya sauraren dogon bayani ba. Amma wannan alhajin da ya yi wa nasa katin irin wannan riƙo, idan aka tambaye shi ina katin rigakafin 'yarsa, sai ya ce a tambayi uwarta, ita kuma uwar ta ce tun da aka taso daga tsohon gida ba ta sake ganinsa ba, ko gara ta ci, ko yara sun yaga. Wannan sakaci ya zama ruwan dare har ba a ɗaukarsa a bakin komai, alhali binciken da likitoci suka fitar a 'yan shekarun nan game da ciwon daji ya nuna cewa a kan irin wannan 'yar takarda ake gina hujjar da ke ceton rayuka.

Ciwon da ake magana a kansa shi ne sankarar bakin mahaifa, wanda bai kamata a rikita shi da sanƙarau ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da shi a faɗin duniya, kimanin 350,000 kuma suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mamatan 'yan ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. A Nijeriya kaɗai, ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna mata kusan 12,000 sun kamu, 8,000 sun riga mu gidan gaskiya. Wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Harald zur Hausen ne ya gano cewa wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ce ke haddasa shi, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Ƙwayar tana da nau'i-nau'i, amma guda biyu, wato na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo. Ta hanyar saduwa take yaɗuwa, kuma mace kamila da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya ɗaukarta a ɗakin aurenta. Mafi yawan lokuta jiki yakan kawar da ita da kansa, amma a jikin wasu matan takan laɓe shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama ciwon daji.

A nan ne gizo ke saƙar. An fara ba da allurar rigakafin wannan ƙwaya a 2006, to amma ta yaya za a tabbatar da cewa allurar da aka yi wa yarinya 'yar shekara 12 ita ce ta kare ta daga ciwon da sai ta haura talatin zai bayyana? Babu wata hanya sai ta rubutu. Ƙasar Suwidin tana ba kowane ɗan ƙasa lamba tun 1947, tana kuma rubuta duk wanda ya kamu da ciwon daji a rajista ɗaya tun 1958. Saboda haka masu bincike suka ɗauko rajistar waɗanda aka yi wa allura, suka gwama ta da rajistar masu ciwon daji, suka bi diddigin 'yan mata da mata fiye da miliyan 1.6 daga 2006 zuwa 2017. Sakamakon da suka buga a 2020 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin su cika shekara 17 haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin 100, waɗanda kuma aka yi wa tsakanin shekara 17 da 30 ya ragu da kashi 53.

Ingila, wadda ta fara yi wa 'yan makaranta allurar a 2008, ta bi irin wannan hanya, kuma a 2021 aka bayyana cewa ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka gabatar wa allurar suna 'yan shekara 12 zuwa 13, da kashi 34 kawai ga waɗanda suka kai 16 zuwa 18. A farkon 2024 kuma masu bincike a Sikotilan suka sanar da cewa a cikin matan da aka yi wa allurar suna 'yan shekara 12 ko 13, ba a sami ko guda ɗaya da ta kamu da ciwon ba har zuwa lokacin da aka rufe lissafi. Darasin a fili yake, wato gwargwadon ƙuruciyar yarinya lokacin da aka yi mata, gwargwadon kāriyar da take samu, domin allurar tana tare ƙofa ne kafin ƙwayar ta shiga, ba ta korar wadda ta riga ta zauna.

Hatta shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022, cewa allura ɗaya tak ta wadatar ga 'yan mata maimakon biyu ko uku, rubutu ne ya taimaka wajen kai wa gare ta. A Indiya an fara wani bincike a 2009, sai gwamnati ta dakatar da bayar da allurar a 2010, lamarin da ya bar dubban 'yan mata da allura ɗaya kacal. Da yake an adana sunayensu da abin da aka yi wa kowacce, an ci gaba da bibiyarsu shekara goma, aka kuma ga cewa kāriyar masu allura ɗaya ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta masu biyu da uku. A kan wannan tsari na allura ɗaya ne Nijeriya ta ƙaddamar da nata shirin a watan Oktoba na 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, inda aka sa burin kai wa ga miliyan 7.7, jihohin Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi na cikin rukunin farko, sauran kuma suka biyo baya a 2024.

Mai karatu ya san abin da ya biyo bayan ƙaddamarwar. Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa makaranta ranar allura, wasu kuma suka ce makirci ne na hana haihuwa. Masu yi wa waɗannan iyaye dariya da kiransu jahilai sun manta da tarihi, ko kuma sun ga dama ne suka manta. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 10,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su kuma an nemi yardar iyaye da baki, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Wannan tabo na daga cikin abin da ya jawo dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004.

Sai dai akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata talaka ya yi wa duban tsanaki. Da aka zo biyan diyya, mutanen da suka fito sun haura 500 alhali yara 200 ne aka yi gwajin a kansu, aka ce sai an yi gwajin ƙwayar halitta kafin a tantance na gaskiya, kuma sai a 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin, aka fara biyan iyalai huɗu. Da a ce kowane uba ya bar asibitin nan da takarda mai ɗauke da sunan ɗansa, da sunan maganin, da ranar da aka ba shi, da sa hannun wanda ya bayar, da ba a wahalar da su haka ba. Rashin rubutu mai ƙarfi yake yi wa amfani, domin shi yana da lauyoyi da ma'ajiyar takardu, raunana kuwa ba su da komai sai rantsuwa. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma lafiyar yarinya ba ta gaza bashin kuɗi nauyi ba.

Haka nan zargin hana haihuwa, da rubutu ake warware shi. A ƙasar Denmak an bi rajistar 'yan mata da mata kusan miliyan ɗaya, aka buga sakamako a 2021 cewa ba a ga alaƙa tsakanin wannan allura da tsayawar aikin ƙwan mace da wuri ba. Idan uba a Haɗeja ko Azare ya ce shi bai yarda da lissafin Turawa ba, yana son ya ga na gida, to ya yi tambaya mai ma'ana, kuma mahukunta ne ya kamata su amsa. Amma da me za su amsa? Abin da aka saba gani a unguwanni shi ne a shafa wa yaro tawada a farce, a yi zane da alli a jikin bango, ruwan sama na farko ya wanke. Ibadan tana da rajistar masu ciwon daji tun 1960, amma har yanzu ɗimbin matan karkara suna mutuwa da zubar jini a ɗakunansu ba tare da sunansu ya shiga kowane littafi ba. Yarinyar da aka yi wa allura a 2023 tana 'yar shekara 9, sai wajen 2050 za ta kai shekarun da ciwon ya fi kama mata. Idan ba a rubuta yau ba, a wannan lokaci babu mai iya nuna amfanin allurar, babu kuma mai iya nuna illarta idan akwai, sai a koma gidan jiya na jita-jita.

Amfanin takarda bai tsaya ga masu lafiya ba, ya shafi har wanda ciwon ya riga ya kama. Alal misali, idan ciwon daji ya bazu zuwa ƙashi, likitoci kan ba da wasu magunguna masu ƙarfafa ƙashin da rage zafi. A 2003 wani likitan tiyatar baki a Amurka, Robert Marx, ya ja hankali cewa wasu masu karɓar irin waɗannan magunguna ƙashin muƙamuƙinsu kan mutu, musamman bayan an cire musu haƙori, ramin ya ƙi warkewa. Shi ya sa yanzu ake son a duba haƙoran majinyaci a gyara su kafin a fara ba shi maganin. To majinyacin da ya je wajen likitan haƙori hannu rabbana, bai san sunan abin da ake ɗura masa a jijiya ba, balle wanda ya je wajen mai cire haƙori na bakin kasuwa, wa zai gargaɗe shi?

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan ɓangarori biyu. Su iyaye haƙƙinsu ne su yi tambaya kafin a taɓa 'yarsu, su nemi a gaya musu sunan allurar da abin da take kārewa, kuma kada su bar wajen sai an ba su kati mai ɗauke da kwanan wata da lambar rukunin maganin. A sa katin a leda, a ajiye shi inda ake ajiye takardar gida da ta gona, mai waya ya ɗauki hotonsa, ranar da za a kai yarinya ɗakin miji kuma a haɗa mata da shi cikin kayanta. Su kuma iyaye mata da suka wuce shekarun allurar su sani cewa gwajin bakin mahaifa yana gano ciwon tun bai yi nisa ba, kuma burin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a gwada mace aƙalla sau biyu, a shekara 35 da kuma 45.

Su kuwa mahukunta, lissafin miliyoyin da ake karantawa a gaban masu ba da agaji ba zai wadatar ba. Wajibi ne sunan kowace yarinya ya shiga littafin da zai rayu bayan an canza gwamna da kwamishina, a haɗa shi da rajistar masu ciwon daji ta asibitocin koyarwa, a kare sirrin mutane, a buɗe hanyar da uwa za ta kai ƙorafi idan ta ga wani canji a jikin 'yarta, sannan a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon cikin harshen da suke ji. Wanda ya nemi a ba shi amanar 'ya'yan mutane, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya rubuta abin da ya yi musu, ya kuma yarda a tuhume shi da rubutun nasa.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, Ya kuma tsare zuri'ar al'umma baki ɗaya.