Na'ura da Ma'aikaci a Filin Jirgin Sama

Ya kai mai karatu, idan a Bolari kake zaune, cikin garin Gombe, to ka sha ganin motoci suna ɗaukar maniyyata da jakunkunansu zuwa filin jirgin sama na Lawanti a lokacin aikin Hajji. Hankalin kowa yana kan jirgi da matuƙinsa. Amma ka sani, jirgi ba ya tashi sai wasu ma'aikata sun gama aikinsu a ƙasa. Su ne masu auna kaya, da masu loda su, da masu kawo matakala, da masu share cikin jirgi, da masu nuna wa matuƙi wurin tsayawa. A Nijeriya, manyan kamfanonin da suke yin wannan aiki su ne NAHCO, wanda aka kafa a 1979, da SAHCO.

A ganina, lokaci ya yi da za a sa kwamfuta a kowane mataki na wannan aiki, a manyan filaye da ƙanana. Dubi sha'anin jaka. Idan aka auna ta, ana manna mata takarda mai layuka baƙaƙe. Waɗannan layuka lamba ce da na'urar hannu take karantawa. Tun daga watan Yuni na 2018, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wato IATA, ta wajabta wa mambobinta su riƙa bin sawun kowace jaka a wurare huɗu: inda aka karɓe ta, inda aka loda ta, inda aka sauya mata jirgi, da inda aka miƙa ta ga mai ita. Idan an yi haka, jakar alhaji ba za ta ɓace ba tare da an san inda ta tsaya ba. Haka kuma kwamfuta tana lissafa nauyin kaya da yadda za a raba shi gaba da baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jirgin da lodinsa ya karkata yana cikin haɗari.

Wataƙila ka ce na'ura za ta raba talaka da abincinsa. Tsoron nan yana da dalili, domin wasu ayyukan rubutu da ƙidaya za su ragu. Sai dai na'urar hannu ba ta ɗaga jaka, ba ta kuma kama hannun tsohuwa ta hau matakala. Abin da zai kori ma'aikaci shi ne a kawo na'ura ba a koya masa amfani da ita ba. Saboda haka, duk kamfanin da ya ware kuɗin sayen na'ura, wajibi ne ya ware na horar da ma'aikatan da yake da su.

Akwai kuma matsalar wutar lantarki da intanet. Ko a ƙasashen da suka ci gaba na'ura takan tsaya. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci sun tsaya a filayen jirage da yawa na duniya, har aka koma rubuta takardar shiga jirgi da hannu. Don haka filin Lawanti yana bukatar wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan da suka iya aikin da na'ura, suka kuma iya shi da biro da takarda. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Kai kuma ɗalibi, kada ka ɗauka aikin filin jirgi na matuƙi ne kaɗai. Ka dage da lissafi, da Turanci, da darasin kwamfuta. Filin Lawanti a jiharka yake, kuma ranar da za a nemi wanda ya iya riƙe na'urar nan, ya kamata a same shi a Bolari.