A Raba Kwamfutocin Makarantarmu Unguwa-Unguwa

Ni mutumin Gagarawa Tasha ne, a kan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru. Kakana yakan ce a zamaninsu in wasiƙa ta zo, sunan gari ake fara dubawa, sannan unguwa, sannan gidan mai ita. Ashe kwamfutoci ma haka suke.

Kowace kwamfuta da aka haɗa da 'yan'uwanta tana da lambar adireshi mai kashi huɗu, alal misali 192.168.1.25. Akwai wata lamba kuma da ke tare da ita, ana ce mata sabnet mask, ni kuwa shinge nake kiranta. Ita ce ke nuna inda sunan unguwa ya ƙare, lambar gida ta fara. In shingen 255.255.255.0 ne, kashi uku na farko su ne unguwa, na ƙarshe shi ne gida. Lambobi 256 ke nan, amma biyu ba a ba kowa: ta farko sunan unguwar ce, ta ƙarshe kuwa ta shela ce, kamar sanƙira. Saura 254.

To, a makarantarmu duka unguwa ɗaya aka zuba mu, ɗalibai da malamai da ofis. A zangon da ya wuce wani yaro yana zaune a ɗakin kwamfuta sai ya ci karo da tambayoyin jarrabawarmu, waɗanda aka ajiye a kwamfutar ofishin malamai. Kafin magariba sun zaga ɗakunan kwana. Aka soke jarrabawar, aka sa mu yankan ciyawa kwana uku, har da mu da ko ganinsu ba mu yi ba. Yaron ya yi laifi, ban musa ba. Amma wanda ya bar rumbu a buɗe fa?

A ganina maganin ba shi da wuya. In aka mai da shingen 255.255.255.192, unguwar nan za ta rabu huɗu, kowace da lambobi 64, watau gidaje 62. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun 1985 aka rubuta ƙa'idarta a Amurka.

Wasu za su ce shinge kaɗai ba ya hana ɓarawo. Gaskiya ne. Sai dai bayan an raba, duk saƙon da zai bar unguwarsu dole ya bi ta na'urar da ake kira rauta, kamar yadda baƙo ke tsayawa a zaure ya yi sallama. A nan ne malamin kwamfuta zai kafa doka: saƙon ɗalibai ba ya shiga wajen malamai.

Saboda haka ina roƙon Shugaban Makaranta ya duba wannan magana kafin jarrabawa mai zuwa. Ni da abokaina mun riga mun tsara rabon a takarda: 0 zuwa 63 ɗalibai, 64 zuwa 127 malamai, 128 zuwa 191 ofis, sauran kuma laburare.