Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Darakta Janar na NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar



A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba mu, sai a watan Maris na 2024 ta maido. Watannin nan sun nuna wa mutanen Madawa, Buza da Keita inda cibiyarsu take ɗaure: layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, ya bi ta Maraɗi ya iso Malbaza. Ga tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018, ga manyan gurup, wato janareta, na gazuwal. Tambayata ita ce: ranar da kuka yanke shawarar raba yankinmu da babban layi, ya ci gashin kansa da waɗannan injuna, an shirya na'urorin kariya don wannan rana?

Ga abin da ke damuna. Idan waya ta tsinke ta faɗi ƙasa, ko reshen bedi ya haɗa wayoyi biyu a iskar farkon damina, babban layi yakan turo wuta mai yawan gaske nan take. Wannan ambaliyar ce na'urar kariya take gani ta katse layi. Gurup ba shi da wannan ƙarfi, na'urar juya wutar sola kuwa ɗan kaɗan take iya ƙarawa a kan abin da ta saba bayarwa. Sai na'urar da aka saita da ma'aunin wutar Katsina ta yi shiru, waya tana kwance a gonar albasa da wuta a jikinta, yaro mai kiwo yana tafe da awakinsa. Akwai kuma batun haɗin layi da ƙasa, wanda sau da yawa a taransifomar babbar tasha yake. In an rabu da ita, an rabu da shi, sai in an tanadi wani.

Roƙona, kowace na'urar kariya a yankin nan ta sami saiti biyu, na lokacin haɗe da na lokacin rabe, ta riƙa sauyawa da kanta. A gwada su da gangan a lokacin sanyi, sa'ad da buƙata ta yi ƙasa, kada a jira zafin Afrilu. Wajen komawa babban layi kuma, kada makunni ya rufe sai bugun ɓangarorin biyu ya daidaita a kan sau 50 a sakan ɗaya, don rashin haka yana iya karya inji.

Saura mu masu gurup a shago da gida. Wanda ya haɗa nasa ba tare da makunnin da ke raba shi da layin waje ba, yana tura wuta baya zuwa falwayar da ma'aikacinku ya hau yana zaton babu komai. A turo masu dubawa, su fara daga kasuwar Madawa.

Naka,
wani mai gyaran wuta a Madawa