A Ceto Tsofaffin Waƙoƙin Ɗanƙwairo Kafin Zare Ya Tsinke

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira a kan wata dukiya da ke lalacewa cikin akwatunanmu muna kallo.

Kowa ya san marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda aka haifa a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya rasu a 1991, Allah ya jiƙansa. Amma abin da yaran yanzu suka sani nasa shi ne waƙoƙin fada, irin na Sardauna Ahmadu Bello da na 'Yandoton Tsafe, don su ake sawa a rediyo. Ba su san da kiɗin noma ya buɗe ido ba, yana yi wa mahaifinsa Usman Ɗanƙwanda amshi, daga baya ya bi yayansa Kurna.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, akwai wani kaset da na gada wurin baffana. Shi ya ɗauka da rakodarsa mai batir a wajen wani biki, inda dattawa suka roƙi Alhaji Musa ya tuna masu da waƙoƙin noman da. Wanga kaset bai taɓa shiga kasuwa ba. Gaskiya ɗaukar ba ta da tsabta. Kana jin iska, kana jin guɗar mata, har akwai wurin da jaki ya yi kuka ya rufe kotso. To amma ranar Talata in na kunna shi a bakin tiredata nan kasuwar Mafara, wallahi sai mutum ya manta sabulu ya zo saye. Na ga tsoho daga Maradun ya zauna bisa buhun gishiri yana share hawaye, don ya ji an ambaci sunan kakansa cikin manoman da ake zugawa. Ka ji inda daɗin yake. Waƙar sarki ta sarki ce, mu 'yan kallo ne. Wagga kuwa tamu ce, ta masu hauya da kwashe, an kira mutum da yawan dammunan da ya noma.

Bara wani yaro mai tura waƙoƙi a waya ya roƙe ni aron kaset ɗin, wai zai juya mani shi cikin memori don kada ya lalace. Na ba shi da zuciya ɗaya. Ba a yi wata guda ba sai na ji waƙar a wayar wani direba, an guntule farkonta, an cusa tallar shago a tsakiya. Kaset kuma ya dawo mani zaren ya tauye wuri biyu. Shi ya ci kuɗi, iyalan mai waƙa ko sisi, ni kuma an bar ni da liƙi.

Wasu abokaina sun ce in kulle shi kawai, kada kowa ya ƙara gani. Ban yarda da wannan ba. Kaset ba ya jure zafin bazara da laimar damina, kulle shi kashe shi ne. Na kuma tabbata ba ni kaɗai ke da irinsa ba. Tsakanin Mafara da Bakura da Maradun akwai gidajen da ke ajiye da ɗaukar Ɗanƙwairo ko ta Sa'idu Faru, in tsohon gidan ya rasu sai yara su jawo zaren suna wasa, ko a ɗaura shi a gona don korar tsuntsaye.

Don haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da masarautunmu uku su sa a yi shela a tattaro waɗannan kaset-kaset. A nemi malaman Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato su juye su yadda ya kamata, a rubuta wurin da aka ɗauka da sunayen waɗanda aka yi wa waƙar tun akwai sauran dattawan da za su gane su, sannan a maida wa kowa abinsa. Gidan rediyon Kaduna da Rima Rediyo su ma su leƙa ɗakunan ajiyarsu. In za a fitar kasuwa, a fara zama da 'ya'ya da jikokin makaɗan, a yanka masu rabonsu a rubuce.

Nawa dai yana nan naɗe cikin tsumma a gwangwanin madara. Duk ranar da aka zo da takardar hukuma da yardar iyalan Alhaji Musa, zan miƙa shi ba tare da na karɓi ko kwabo ba.

Daga mai karatunka kullum,
Wani manomi mai tireda,
Bakin Kasuwa, Talata Mafara.