Ciyawar Ado A Bakin Hamada

A ƙasar Amurka, cikin jihar Nebada, akwai wani birni da a ke kira Las Begas. A tsakiyar hamada ya ke zaune, ruwan saman da ya ke samu a shekara kimanin inci 4 ne kawai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan shansa daga Tafkin Mid ya ke zuwa, watau tafkin da ya taru bayan an datse Kogin Kolorado da madatsar Hoover, wadda aka gama a 1936. Jihohi 7 da ƙasar Meziko ke rabon ruwan wannan kogi, Nebada kuwa ita ce mai ƙaramin rabo cikin jihohin.

To, duk da haka mutanen birnin suka yi shekaru suna shimfiɗa ciyawar ado a gaban ofisoshi da kantuna da tsakiyar tituna. Ba dabba ke cinta ba, ba yaro ke wasa a kanta ba. Mai taka ta shi ne mai yankan ta kaɗai. A ba ta ruwa ta tsiro, a yanke ta a zubar, a sake ba ta ruwa. Wane manomi ne zai yarda da irin wannan noma?

Al'adar nan kayan aro ce. Asalinta daga Turai ne, musamman Ingila, inda ruwa ke sauka kusan kowane wata, inda masu dukiya kan bar fili ba shuka don a san suna da ƙasar da ba su bukatar nomawa. Da wani Bature mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a 1830, sai abin ya yaɗu har gidajen talakawa, ya haye teku, ya isa inda sama ba ta san da shi ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Hukumar ruwa ta Kudancin Nebada ta yi lissafi. Wuri mai tsawon ƙafa 1 da faɗin ƙafa 1, in ciyawa ce a kansa, galan 73 ya ke sha a shekara. In aka dasa masa tsire-tsiren hamada, galan 18 ya ishe shi. Bambancin galan 55 ne, watau cikin duro guda, a kan wurin da bai kai tabarmar salla ba! Har wa yau akwai abin da ya fi wannan. Ruwan da aka yi wanka ko wanki da shi a cikin gida, a kan tace shi a mayar da shi tafkin. Amma wanda aka watsa wa ciyawa, rana ta ɗauke shi ke nan, ba ya komowa.

Tun 1999 hukumar ta shiga biyan mutane kuɗi su tumɓuke ciyawa, aka kuwa cire fiye da murabba'in ƙafa miliyan 200. Da lallashi ya kasa ƙarasa aikin, sai majalisar jihar ta kafa doka a 2021, ta ce daga farkon 2027 ba a shayar da ciyawar ado da ruwan Kolorado. Ba ta taɓa gidan da iyali guda ke zaune ba, ba ta kuma taɓa filayen wasa ba. Shekarar da ta biyo, 2022, tafkin ya janye har bai kai kashi 30 cikin 100 na cikarsa ba, bakin wani bututun da ke jawo wa birnin ruwa ya fito fili, jiragen ruwan da suka nutse tun tuni suka bayyana a kan busasshen taɓo.

Masu kāre ciyawa suna da magana biyu. Ta farko, wai kore ya fi kyaun gani. Wannan sabo ne kawai, ido kuwa ya kan saba da abin da aka nuna masa. Itacen da su ke kira meskit, ɗan'uwan ƙirya ne, yana da inuwa. Palo barde kan cika da fure rawaya in lokacinsa ya zo. Ga kuma masu ƙaya, waɗanda a ido su ke kama da ƙerana da tinya, suna fure, tsuntsaye da ƙudan zuma suna zuwa gare su.

Maganarsu ta biyu ta fi nauyi, ba a kuwa raina ta. Sun ce ciyawa na sanyaya gari, in aka cire ta aka zuba tsakuwa zalla wuri kan ƙara zafi, itatuwan da ke shan ruwa a ƙarƙashinta kuma su bushe. Gaskiya ne, an ga haka a wurare. Amma laifin na mai aikin gaggawa ne. Maganinsa shi ne a bi gindin kowane itace da siririn bututu mai ɗigar da ruwa kaɗan-kaɗan, a kuma ƙara dasa masu inuwa. Mutumin da rana ta dame shi gindin itace ya ke nema, ba a taɓa ganin wanda ya fake a inuwar ciyawa ba.

Wannan al'ada da ta haye teku zuwa Amurka, ita ce Turawan mulki suka kawo unguwanninsu na Kano da Kaduna, ta kuma zauna bayan tafiyarsu. Ruwan damina a nan ya fi na Las Begas nesa ba kusa ba, amma rani kan ɗauki rabin shekara ko fiye. A cikin watannin nan ne mai wucewa kan ga ana shayar da ciyawar shataletale da ta harabar ofis, alhali kuwa 'yan garuwa na tura kura a unguwar da ke bayanta. Hukumomin da ke da waɗannan filaye ba su rasa abin dasawa ba. Ga tsamiya, ga kurna, ga aduwa, ga marke, dukkansu in sun kama ƙasa ba su neman ban ruwa. Ga kuma gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, daidai lokacin da mai jiran mota a bakin titi ke neman inda zai tsaya.