'Yanci Ba Kyautar Mai Mulki Ba Ce

Kusan kullum sai an ci karo da jimla irin wannan a sanarwar da ke fitowa daga ofisoshin gwamnati: mai girma wane ya bai wa jama'a 'yancin faɗin albarkacin bakinsu. Mai rubutawa yabo yake nufi, amma wanda ya san asalin kalmar zai ji ƙaiƙayi a cikinta.

'Yanci ya samo tushe ne daga ɗa da 'ya. A tsohuwar Hausa ɗa yana nufin wanda aka haifa, yana kuma nufin wanda ba bawa ba, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne, bawa sai mai shi. Sakkwatawa da mutanen Nijar kan ce ɗiyauci, daga ɗiya, ma'anar kuwa guda ce. Wanda ake 'yantawa shi ne wanda da ma yake hannun ubangida, ko ya fanshi kansa ko a sake shi don neman lada. Saboda haka duk hadimin da ya rubuta cewa maigidansa ya ba talakawa 'yanci, ya ɗora su a matsayin bayi ba tare da ya sani ba.

'Yan siyasar farko sun fi mu kula da wannan. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, sawaba ta ce tana nema, wato sauƙi daga ƙuncin mulkin Turawa da na En'e. Jihar Arewa ta samu mulkin kai a 1959, ƙasa baki ɗaya ta samu 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kowace kalma da gurbinta. Haka nan a yau, abin da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ƙananan hukumomi 774 a watan Yulin 2024 cin gashin kai ne a kan kuɗinsu, ba ballewa daga jihohi ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin 'yanci da haƙƙi da alfarma. 'Yanci fili ne da ba a isa a tare wa mutum ba: ya yi magana, ya yi addininsa, ya shiga ƙungiya, ya zauna inda ya ga dama a ƙasar nan. Haƙƙi bashi ne a wuyan wani, kamar albashi da fansho. Alfarma kuwa ana iya yi, ana iya hanawa. Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 'yanci ya tanada, ba alfarma ba. Sashe na 35 ya wajabta kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa buƙatar duk wanda ya nemi bayani. Jami'in da ya ajiye irin wannan takarda a ƙasan fayil yana jiran a roƙe shi, ya mayar da 'yancin wani alfarmarsa.

Kalmar tana da wani nauyi da ya shafi ma'aikaci kai tsaye. Idan Bahaushe ya ce wane ɗa ne, yana nufin mai cika alkawari, mai kunya, wanda ba a saye bakinsa. Daraktan da ya sa hannu a kan abin da ya san ba daidai ba ne don tsoron canjin wurin aiki, da hadimin da ba ya iya cewa “ranka ya daɗe, wannan ba ta kamata ba”, kundin tsarin mulki ya kira su 'ya'ya, su kuwa sun zaɓi wani matsayin.

Gyaran ba shi da tsada. A sanarwa ta gaba a rubuta cewa gwamnati ta kiyaye 'yancin jama'a, ko ta mutunta shi, ko ta daina tauye shi. Kalmar “bayarwa” a bar ta ga taki da tallafi.