Ra'ayinmu: Jami'ar Jazira Ta Kawo Lissafin Shekara Har Ƙauye

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi, idan shekara ta zagayo yakan zauna ya buɗe littafinsa, ya duba uwar kuɗi, ya duba riba, ya ware bashin da ake bin sa da wanda yake bi. Bisa al'ada haka su ma jami'o'i suke yi a ƙarshen kowace shekarar karatu, inda shugabanninsu kan bayyana yawan ɗaliban da aka yaye, da binciken da malamai suka gudanar, da irin matsayin da jami'ar ta taka a tsakanin takwarorinta. Yanzu da Jami'ar Jazira da ke Wad Madani ke fafutukar miƙewa bayan ɓarnar yaƙi, muna ganin lokaci ya yi da za a riƙa karanta wannan lissafi a gaban mutanen ƙauye, kuma 'yan kasuwarmu su shiga sahun masu duba shi.

Idan ba a manta ba, an kafa wannan jami'a ce a shekarar 1975, ta fara karɓar ɗalibai a 1978, kuma tana cikin jami'o'in farko da aka gina a wajen Khartoum. Tun daga tushe an ɗora ta ne a kan manufar yi wa karkara hidima, shi ya sa aka dasa ta a tsakiyar gonakin Jazira, waɗanda suka fara shan ruwa daga madatsar Sinnar a 1925, suka kuma faɗaɗa har suka kai kimanin fadan miliyan 2 bayan da aka ƙara yankin Manaƙil. Tsangayar koyon aikin likita, wadda Farfesa Bashir Hamad ya fara jagoranta, ta yi suna har a ƙasashen waje saboda tsarinta na tura ɗalibai su zauna a ƙauyuka, su binciki matsalolin lafiyar jama'a, su kuma riƙa bibiyar iyalai a gidajensu. Ban da wannan, jami'ar na da tsangayar kiwon dabbobi a Manaƙil, da ta horar da malamai a Hantub, da cibiyar kula da masu cutar daji a Madani, wadda marasa lafiya suka riƙa zuwa daga jihohi masu nisa.

To, sai ga yaƙin da ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023. A watan Disamba na wannan shekara dakarun RSF, waɗanda jama'a ke kira Da'amus Sari', suka shiga Madani, aka wawashe gine-ginen jami'ar, malamai da ɗalibai suka watse. Ita ma Hukumar Binciken Aikin Gona da ke garin ba ta tsira ba, domin an yi wa rumbun adana irin shuka na ƙasa mummunar ɓarna, rumbun da aka shafe shekaru ana tara nau'o'in dawa da gero da riɗi a cikinsa. Sinja ta faɗa hannunsu a watan Yunin 2024, sojoji suka ƙwato ta a Nuwamba, sannan suka koma Madani a ranar 11 ga Janairun 2025. A tsawon wannan lokaci jami'o'in ƙasar nan da dama sun riƙa rarrafawa ne ta hanyar karatu a intanet da kuma shirya jarrabawa a garuruwan da ke da sauran zaman lafiya. Malaman da suka jure wa wannan wahala cikin ƙarancin albashi sun cancanci yabo, kuma muna yaba masu.

Sai dai fa gyara bayan rushewa dama ce ta sake tambayar wa ake ginawa. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya sun biyo ɗansa Mai Wurno har gaɓar kogin Nilul Azraƙ, inda suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Wasu kuma hanyar aikin Hajji ce ta kawo kakanninsu, suka zauna suka yi noma da su da fatauci. Da guminsu aka tsinci audugar Jazira shekara da shekaru. Duk da haka, har yau da yawa daga cikin ma'aikatan gona, Hausawa da sauran ƙabilu, suna zaune ne a kambo, babu takardar mallakar fili, babu ruwan sha mai tsabta, makarantar sakandare kuwa sai an yi doguwar tafiya. Yaron da ke ɗiban ruwa daga tur'a yana fama da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, yaushe zai yi gogayya da ɗan birni a jarrabawar shahada?

Saboda haka muke ganin akwai tambayoyi uku da ya kamata rahoton kowace shekara ya amsa a fili. Ta farko a kan koyarwa ce. Faɗin jimillar waɗanda aka yaye bai wadatar ba. A bayyana daga waɗanne ƙananan hukumomi da ƙauyuka ɗaliban suka fito, nawa ne 'ya'yan kambo, nawa ne mata, nawa ne kuma suka bar karatu a tsakiya saboda kuɗin makaranta ko gudun hijira. Jarrabawar shahada ta ɗaliban 2023 ba ta yiwu ba sai a ƙarshen Disambar 2024, wato akwai yara masu yawa da suka yi zaman jira, wasunsu suka shiga kasuwa ko aikin ƙarfi, wasu 'yan matan aka yi masu aure. Jami'ar da ke taƙama da hidimar karkara ita ya fi dacewa ta ƙidaya waɗannan yara, ta kuma buɗe masu ƙofar dawowa.

Tambaya ta biyu a kan bincike ce. Babu laifi malami ya buga sakamakon aikinsa a mujallar ƙasar waje, domin da haka ne ake ƙara masa girma kuma sunan jami'a ke ɗaukaka. Amma manomi da ɗan kasuwa suna da nasu ma'aunin. Wane irin dawa ko riɗi aka dawo da shi hannun manoma bayan ɓarnar da aka yi wa rumbun iri? Me aka gano game da laka da ciyawar da suka toshe hanyoyin ruwa? Wace dabara aka samo ta adana albasa da gyaɗa don kada su ruɓe kafin su isa kasuwa? Mai kai kaya Gallabat ko ya shigo da gahawa daga Habasha ya san asarar da ƙwari da danshi ke jawowa a buhu. Idan bincike ya rage wannan asara, ko da kaɗan ne, to a rubuta shi a sahun gaba na rahoto, a kuma bayyana shi a rediyo da Larabci da Hausa yadda mai hawasha zai fahimta.

Tambaya ta uku a kan shugabanci ce, kuma ita ce ta fi nauyi. Kuɗin sake gini za su shigo daga gwamnati da ƙungiyoyin agaji da tsofaffin ɗalibai da ke aiki a ƙasashen Larabawa da Turai. Ba mu zargin kowa da komai, amma kowa ya san cewa inda aka tara kuɗi babu lissafi, zato ba ya ƙarewa. A buga abin da ya shigo da abin da aka kashe, a faɗi wanda aka bai wa kwangila, a kuma riƙa ɗaukar malamai da ma'aikata bisa cancanta ba tare da duba ƙabila ko jam'iyya ba. Wannan kira ya shafi Jami'ar Nilul Azraƙ da ke Damazin, wadda aka kafa a 1995, da ma Jami'ar Sinnar. Rikicin da ya auku a Rusairis da kewaye a watan Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekara, ya ci rayukan ɗaruruwan mutane ya kuma raba dubban iyalan Hausawa da gidajensu, kuma tushensa gardama ce a kan ƙasa da sarauta da tambayar wane ne ɗan gari. Masana tarihi da na shari'a da ke waɗannan jami'o'i suna da rawar da za su taka wajen fito da gaskiyar tarihin zaman kowace al'umma, kafin masu hura wuta su cike gurbin da ƙarya.

Amma kuma ba za mu ɗora wa jami'a laifin da yake namu ba. Gaskiya ɗaya ce, da yawa daga cikinmu mun fi son yaro ya tsaya a shago da zarar ya iya lissafin canji. Sai ga shi yau ciniki ya koma waya, ana biya ta Bankak, takardun kwastan da na haraji sai wanda ya yi karatu, kuma duk al'ummar da ba ta da lauya ko likita ko injiniyan ruwa nata, wasu ne za su riƙa yanke hukunci a kanta tana waje. Karatun allo da muka gada abin alfahari ne, kuma bai hana a haɗa shi da na zamani ba. Tun a 1934 aka ɗauko malamai daga Sudan suka je Kano suka koyar a makarantar shari'a da daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Abin kunya ne a ce ilimin da aka kai wa 'yan uwanmu can ya gagari 'ya'yanmu da ke zaune a bakin rijiyarsa.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa da limamai da su ɗauki matakai na zahiri. Kowace kasuwa ta buɗe asusun taimakon ɗalibai, a riƙa zuba wani abu a kan kowane buhu ko kowace mota, a damƙa shi ga amintattu masu bayyana lissafi. A tabbatar kowane yaro, namiji da mace, ya mallaki takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa tun kafin lokacin rajistar jarrabawa ya zo. Sannan a naɗa wakilai su je Madani da Damazin da Sinnar, su nemi a ba su rahoton shekara, su karanta, su yi tambaya cikin ladabi, su dawo su yi wa jama'a bayani.

Su kuma hukumomin jami'o'in, muna fatan za su karɓi irin waɗannan wakilai hannu bibbiyu, domin da harajin manomi da na ɗan kasuwa ake tafiyar da su. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya, amin.